Masaukin Lanti

Idan ka baro Funtuwa ka nufi duwatsun Faskari,
inda kwalta ke gajiya ta koma turba,
akwai gida a kafaɗar dutse.
Ni ke riƙe da makullansa.

Shigo, ka taɓa azarar zauren nan.
Ba a gida ta fara aiki ba.
Shekara bakwai ta yi a ƙarƙashin ƙasa
tana tokare rufin rami
bisa kawunan masu bin jijiyar zinariya da acibalbal.

Kakata Lanti ba ta taɓa shiga rami ba.
Tukunya biyu ta zo da su, da muciya,
ta kafa murhu a bakin ƙorama
inda maza ke karkaɗa yashi a akushi
tun asuba har bayansu ya ƙi miƙewa.
Ta ce: mai neman zinariya ma,
cikinsa tuwo yake nema.

Wanda ya dace, ya biya da ƙwayar da ba ta kai gero ba,
ta ɗora a ɗan sikelinta,
idon zakara a ɗaya gefen.
Wanda bai dace ba, ya ci,
ta ja masa layi da gawayi a bango.
Bangon na nan.
Sau uku ana kawo min farar ƙasa, ina mayarwa.

Sai daminar da ramin Kurma ya rufta.
Ba ƙara aka ji ba, in ji ta,
wani irin nishi ne, kamar saniya ta kwanta.
Mutum biyar.
Nomau, mai bashin tuwo goma sha ɗaya.
Jatau da ƙanensa Cindo.
Wani Bazabarme da ba ya magana sai murmushi.
Da yaron nan mai sarewa
da ba wanda ya taɓa tambayar garinsu.
Kwana uku tana ɗumama rabonsu,
ran na huɗu ta ba karnuka.

Kafin kaka kowa ya ɗaure tabarmarsa.
Aka bar mata diga, da ramuka,
da itacen da ba mai so.
Ta sa aka jawo su ɗaya ɗaya,
ta gina ɗaki biyar.
Ba ta ce don wa ba.
Amma har yau na ƙarshen, mai duban kwari,
ɗakin mai sarewa muke ce masa.

Zinariya ta ƙare, hanya ba ta ƙare ba.
Masu zuma sun kwana nan,
da malamin allura da kekensa,
da direban da gingimarinsa ta mutu a hawa
ya yi sati biyu, ya tafi ya bar mana mage.
Sanyin dutse kan sauko bayan isha'i
ya tara baƙi a bakin murhu ɗaya,
kowa ya ba da labarin da ba ya bayarwa a gida.

Mahaifiyata ta taɓa fasa ƙundun kaza
ta ga abu yana ƙyalli.
Ta yi dariya, ta sayi kwanon rufi huɗu.
Iyakar arzikinmu daga ƙasa ke nan.

Bara wasu samari suka hawo
da na'ura mai kuka in ta shinshino ƙarfe.
Ta yi kuka a tsakar zaure.
Suka ce: Baba, bari mu fasa daɓen, mu raba.
Na ce: a'a. Ku wanke hannu tukuna.

Kwana tara suna kewaya dutsen,
suka samo bakin diga da zoben tagulla.
Ran tafiya babbansu ya tsaya a ƙofa
yana laluben aljihu, yana kallon ƙasa.
Na ce ya sauka lafiya.

Da suka ɓace a gangare
na ɗauko gawayi daga murhu,
na nemi wuri ƙasa da layukan Nomau.